Kwanon da Ba a Matse Ba

An yi wani mutum, ya 'yan uwa, mai sana'ar rufin kwano. Ba zan kama sunansa ba, domin ba tozarta shi na zauna yi ba. Amma abokan sana'arsa sun laƙaba masa suna, suna ce masa Ina-Zuwa. In ka kira shi a waya, ina zuwa. In ka tare shi a hanya, ina zuwa. Matarsa ta ajiye masa abinci, ina zuwa. Ko salla aka kira ka ce masa mu je, sai ya ce yi gaba, ina zuwa. Ku rage dariyar nan, akwai irinsa a cikinku, daga nan ina hango su.

Kada ku ɗauka malalaci ne. Gwani ne na gaske, kuma ba ya tsoron rana. Ƙafarsa ce ba ta zama wuri ɗaya. Yana kan wannan rufi, idonsa na kan wancan. Mai aikin rufi kuwa, in ya hau sama, rabin gari yake gani, shi kuma duk kwanon da ya hango ya yi tsatsa sai ya ji kamar kiransa yake yi. Bai gama nan ba ya yi alkawarin can. Bai fara can ba ya karɓi wani.

Abin da ya ɗaga sunansa wani irin rufi ne da ba kowa ya iya ba. Bari in bayyana muku shi, domin labarin duk a kansa yake. Kwano ne dogo, kowane falle guda yana tasowa daga doron rufi har ya sauko baki, babu gaɓa a tsakani. Gefensa biyu a tanƙware suke, sun miƙe tsaye kamar leɓe. Ba a huda shi da ƙusa. Wasu 'yan maƙalai na ƙarfe ake kama leɓen da su a ɗaure a jikin katako, sai a kawo falle na gaba a kifa leɓensa a kan na farko, ya rufe maƙalan. Daga nan sai a ɗora wani inji mai tayoyi a kan leɓɓan nan biyu, ya bi su daga wannan ƙarshe zuwa wancan yana naɗe su yana matsewa, har su zama abu guda. In an gama, babu ƙusa ko ɗaya a fili, babu hudar da ruwa zai bi. Amma ku riƙe wannan: in ba a bi da injin nan ba, kwanon ɗora shi kawai aka yi. Kuma wanda ke tsaye a ƙasa ba zai iya bambancewa ba.

Mutumin nan yana da mahaifi. Tsohon kafinta ne, shi ya koya masa riƙon guduma, shi ya fara ɗora shi a kan tsani. Ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da tsohon, idonsa ma ya yi rauni. Kunne ne ya rage masa, shi kam garau yake. Ƙanwar Ina-Zuwa ce ke jinyarsa a tsohon gidansu, ita ke ɗaga shi, ita ke kwantar da shi.

To, rufin gidan nan ya gaji. Tsohon kwano ne, ya yi tsatsa, kowace ƙusa ta buɗe rami a gindinta. In damina ta sauka, sai ka ga bokiti a nan, roba a can, tukunya a bakin ƙofa. Yarinyar nan ta ja gadon mahaifinta zuwa wannan kusurwa, ruwa ya biyo shi, ta mayar da shi waccan. Ta yi wa yayanta magana har ta gaji. Takan ce, “Yaya, kai ke rufe gidajen mutane, ga Baba yana kwana da bokiti a gefen kansa.” Shi kuma ya ce ina zuwa. Damina ta wuce, wata ta zo, ita ma ta wuce.

Sai da wani abokin sana'arsa da ake kira Dogo ya faɗa masa magana a gaban mutane. Ya ce, “Na bi ta layinku na ga rufin gidanku, kunya ta hana ni in ce na san ɗan gidan.” Maganar ta soke shi. Ba a jima ba ya sauke kaya a ƙofar gidan, kwano mafi kyau, katako busasshe, ya ce Dogo ya zo ya kama masa.

Akwai wani ɗan ɗaki a gidan wanda rufinsa na siminti ne, da can wurin ajiyar kaya. Nan aka mayar da tsohon kafin a gama. Ɗakin ƙunci ne, ga zafi, tagarsa ba ta fi tafin hannu biyu ba. Amma tsohon bai yi ƙorafi ba. Yana kwance yana sauraron aikin, murna ta cika shi.

Ni kuma zan faɗi gaskiya a kan mutumin nan, domin ko wanda ake wa'azi da shi yana da haƙƙin a yi masa adalci. Bai yi algus ba. Ya zare tsohon kwanon ƙusa bayan ƙusa. Duk rafta, wato katakon da ke ɗauke da kwano, wadda gara ta ci ya cire ya sa sabuwa. Ya shimfiɗa ledar da ke tare raɓa. Ya ja igiya ya daidaita fallen farko, domin in na farko ya karkace duk sauran sun karkace. Maƙalan nan bai rage ko guda ba. Kuna jiran in ce ya saci kaya, ko ya sa na banza? Bai yi ba. Shaiɗan ba kullum yake shigowa ta ƙofar da aka sa masa gadi ba.

Suka gama ɓangaren falo da na kicin, aka ɗora injin. Da ya fara tafiya a kan leɓɓan nan, gidan duk ya ɗauki gurnaninsa. Tsohon ya aika aka kira ɗansa, ya ce, “Wannan kukan fa na mene ne? A zamaninmu guduma kawai muka sani.” Ɗan ya zauna a bakin gado yana ta bayani, yana jin daɗin yau shi ke koya wa wanda ya koya masa. Tsohon ya ce, “To in ba a bi da shi ba fa?” Ya yi dariya ya ce, “Ai Baba in ba a bi da shi ba, iskar farko mai ƙarfi za ta yaye shi kamar tabarma.”

Da bakinsa ya faɗa, ya 'yan uwa. Ba wanda zai ce bai sani ba.

Suka koma ɓangaren ɗakin tsohon. Sun jera fallayen, sun ɗaure maƙalai, sun kifa leɓe a kan leɓe. Abin da ya rage shi ne a bi da inji, aikin da bai kai ya kawo ba. Sai waya ta yi ƙara.

Wani attajiri ne yake gina babban ɗakin taro a bakin titi, ginin da duk mai shiga gari sai ya gan shi. Ya ɓata da mai yi masa rufi, yana neman wanda ke da injin nan, kuma yanzu yake so, in ba haka ba zai kira wani. Ina-Zuwa ya tsaya a kan rufin mahaifinsa, waya a kunne, ya juya ya hango ginin can nesa, katakonsa tsirara yana jira. Zuciyarsa ta riga ƙafarsa isa can.

Ya ɗauki awartaki ya bi bakin rufin, wurin da ido ke iya kaiwa daga tsakar gida, ya ɗan matse ƙarshen kowane leɓe da hannu. Sannan ya sa igiya ya sauke injin. Dogo ya ce, “Kai, ba mu bi nan ɓangaren ba fa.” Ya ce, “Na sani. Gobe da sassafe zan dawo in ƙarasa. Ai sama tas take, babu alamar hadari.” Dogo yana da nasa aikin da ke jiransa a wani gari, ya yarda, ya kama hanya.

Har zuwa nan, 'yan uwa, gaggawa ce kawai. Gaggawa aibi ce, amma tana gyaruwa. Ku saurari inda abin ya lalace.

Yana loda injin a mota sai ƙanwarsa ta fito ta ce Baba na kira. Ya shiga ɗan ɗakin nan, zafi ya buge shi. Tsohon yana kwance gumi ya jiƙa masa riga. Ya ce, “Na ji kuna sauke kaya. An gama ke nan? In koma ɗakina?”

Me zai hana ya ce saura kaɗan, Baba, ka ƙara haƙuri? Wa zai doke shi? Amma ya dubi gumin nan, ya ji kunyar ya ce zai bar uban a cikin wannan tanda ya tafi aikin wani. Ya ce, “An gama, Baba.”

Tsohon ya ce, “Ban ji kukan injin nan ta wajen ɗakina ba.”

“Barci ya ɗauke ka lokacin.”

“Anya? Barcina ba nauyi.”

Mota na jira a waje, waya na ta ƙara a aljihu. Ya ga hanya ɗaya ce za ta yanke maganar nan take. Ya ce, “Wallahi, Baba, na bi shi da inji.”

Tsohon ya ce, “Shi ke nan. Tunda ka rantse, magana ta ƙare. Allah ya yi maka albarka.”

Ya karɓi albarkar, ya ce amin, ya fita. Kafin magariba an mayar da tsohon ɗakinsa.

Washegari bai dawo ba. Attajirin ya tsare shi, aiki ya yi yawa. Da ya samu sarari, sai ya ɗauko injin, ya nufo gida da niyyar ƙarasawa. Yana shigowa layin wani tunani ya faɗo masa, ya taka birki. In ya ɗora injin nan a kan ɗakin, wa zai fara jin kukansa? Mutumin da ke kwance a ƙarƙashinsa. Zai ji, zai gane, zai san cewa ɗansa ya kama sunan Allah a kan ƙarya, ido cikin ido. Ya ce to in yi da awartaki a hankali. Amma tsohon da ya yi rayuwarsa a kan rufi ba zai ji takun ƙafa a saman kansa ba? Zai tambaya me ake yi a rufin da aka gama.

Ya juya motar ya koma.

Kun ga abin da ƙarya take yi? Kafin ya rantse, aikinsa ɗaya ne, ya hau ya matse kwano. Bayan ya rantse, sai ya zama ba zai iya matse kwanon ba sai ya fara kwance rantsuwar. Ƙaryar ta zauna a gindin tsani ta hana shi hawa.

Daga ranar bai ƙara samun natsuwa ba. Da can ƙafarsa ce ba ta zama, yanzu har zuciyar. Da safe kafin ya wanke ido sai ya fita ya dubi gabas. Yana cin abinci, ganye ya motsa a waje, sai ya ajiye cokali. Matarsa ta ce lafiya, ya ce aiki ne. Ya ce zai jira ranar da za a kai tsohon asibiti ganin likita, sai ya lallaɓo ya yi. Ranar ta zo, shi yana can saman ɗakin taro, attajirin na tsaye a ƙasa da baƙinsa yana nuna musu shi. Ya ce to wani zuwan. Ya ce zai ce musu ƙarin matsi ne ake yi wa sabon kwano. Ya shirya maganar a bakinsa, ya zo har ƙofar gida, ya ji muryar tsohon daga ciki, sai ya fasa, ya gaishe su a tsaitsaye ya ce ina zuwa.

Kullum injin yana bayan motarsa. Kullum yana bi ta bakin layin.

A can gida kuma tsohon ya daina barcin rana. In iska ta ɗan kaɗa, sai kwanon ya yi wani motsi, kaf, kaf, kamar ana taɓa murfin tukunya. Ya ce wa 'yarsa, “Kin ji?” Ta ce ta ji. Ya ce, “Je ki falo ki saurara, can ma yana yi?” Ta je ta dawo ta ce can shiru. Ta kira yayanta ta gaya masa. Ya ce ai sabon kwano haka yake, in rana ta buge shi yana miƙewa, in ya huce yana komawa. Maganar akwai gaskiya a cikinta, kwano yana yin haka. Amma ba shi ne abin da suke ji ba, kuma ya sani.

Ta gaya wa tsohon abin da ya ce. Tsohon ya sake kasa kunne. Can ya ce, “To, ƙila kunnen ne ya bi idon.”

Ku dubi wannan, ya 'yan uwa. Mutum ya gwammace ya ƙaryata kunnensa, abu ɗaya da ya rage masa, da ya ƙaryata ɗansa.

Sai damina ta kawo kai. Wata rana bayan la'asar, Ina-Zuwa yana saman ɗakin taron, hannunsa a kan injin, yana bin leɓɓan kwanon wani. Iska ta tsaya cak. Ya ɗaga kai ya ga gabas ta yi baƙi ƙirin, hadari ya haɗo yana tahowa da sauri. Ya san irin wannan hadari, iska ce a gabansa kafin ruwa. Wayarsa ta yi ƙara, ƙanwarsa ce. Ta ce, “Yaya, kwanon nan yana ta bugawa, ni tsoro nake ji.” Ko a lokacin da ya ce mata ki fitar da Baba yanzu, rufin ba a matse yake ba, da ta fitar da shi ko yana so ko ba ya so. Amma bakinsa ya saba. Ya ce, “Kar ki damu, ina zuwa.”

Ita dai hankalinta bai kwanta ba. Ta shiga ta ce, “Baba, zo in mayar da kai ɗan ɗakin can har iskar nan ta wuce.” Ta sa hannu za ta ɗaga shi. Ya riƙe ƙarfen gado da hannunsa mai lafiya, ya ce, “Bari. In aka ga an fitar da ni daga ɗakin da yayanki ya rufa saboda tsoron iska, me za a ce da aikinsa? Ya rantse mini da Allah. Ni ba zan zama farkon wanda ya ƙaryata shi ba.”

Ta roƙe shi, ta yi kuka, ya ƙi. Ita kaɗai ba za ta iya ɗaukarsa da ƙarfi ba. Ta ruga waje kiran maƙwabci.

Ba ta kai ƙofar maƙwabcin ba iskar ta iso. Ta shiga ƙarƙashin fallen farko ta ɗaga shi. Matsin awartakin nan ya ɓalle. Na farko ya tashi ya buɗe wa na biyu, na biyu ya buɗe wa na uku, haka suka yi ta tashi ɗaya bayan ɗaya. Ɓangaren falo da kicin ko motsi bai yi ba. Ledar ta kece, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, silin ya sha ya yi nauyi, ya rufto a kan gadon.

Shi kuwa daga can sama ya gani. Ya ga wani abu dogo mai ƙyalli ya tashi daga wajen unguwarsu yana juyi a cikin iska, ya ga na biyu ya bi shi. Bai buƙaci a gaya masa rufin wa ne ba.

Maƙwabta suka janye tsohon daga ƙarƙashin silin, jiƙe sharkaf, ƙirjinsa ya bugu, aka kai shi asibiti. Kun san abin da yake ce wa mutanen da suka ɗauke shi? Numfashi da ƙyar, yana cewa, “Iskar ce ta fi ƙarfi. Ba laifin aikin ba ne.”

Ɗan ya iso asibiti rigarsa na ɗiga. Aka ba su wuri, suka rage su biyu. Tsohon ya laluba ya kama wuyan hannunsa, ya jawo shi kusa, ya ce a hankali, “Babu kowa, ni da kai ne. Ka bi shi da injin nan?”

Ya 'yan uwa, ku tsaya a nan. Wannan tambaya rahama ce. Allah ne ya sake buɗe masa ƙofa, a wurin da babu idon kowa, a gaban mutumin da ya fi kowa son ya yafe masa. Kalma biyu za ta wadatar: ban bi ba. Wane uba ne zai ji haka a irin wannan hali ya ƙi yafewa? Wanda ya ƙi barin ɗaki don kare sunan ɗansa, shi ne zai hana shi gafara?

Amma ya dubi halin da tsohon ke ciki, ya ce a ransa ba yanzu ba, bari ya ɗan samu sauƙi, gobe zan gaya masa komai. Ya ce, “Na bi, Baba.”

Tsohon ya saki hannun, ya ce, “To.” Ya juyar da fuskarsa wajen bango.

Ina-Zuwa ya miƙe ya ce, “Ina zuwa, Baba.” Kun san inda ya tafi? Ba kantin magani ba, ba masallaci ba. Layinsu ya koma, don ya tattara fallayen nan kafin wanda ya san aikin ya gan su.

Ya makara. Ruwa ya ɗauke, mutane sun taru, an jingina fallayen a jikin katanga. Dogo, wanda bai daɗe da dawowa gari ba, ya ji labari ya zo. Yana tsaye yana bin leɓen wani falle da babban yatsansa. Leɓen a miƙe yake sumul, yadda ya fito daga masana'anta, in ban da ɗan cizon awartaki a ƙarshensa. Ya ɗago ya dubi abokinsa, ya ce, “Ba ka dawo ba.” Bai ƙara komai ba. Amma a gaban jama'a ya faɗa, kuma ƙanwar ta ji daga bakin maƙwabta kafin gari ya waye.

Ina-Zuwa yana nan tsaye a cikin taɓo waya ta shigo daga asibiti. Tsohon ya cika.

Sauran labarin gajere ne. Attajirin ya ji, ya ce a sauko masa daga kan gini, ya kira wani ya ƙarasa. Mutanen da ya yi wa rufi a baya suka riƙa ɗaukar wasu suna hawa suna dubawa. Akasarin aikin lafiya lau aka same shi, amma wa zai sake ba shi rufin da 'ya'yansa za su kwana a ƙarƙashi? Abin da suke faɗa ke nan: wanda ya yi wa mahaifinsa haka. Ƙanwarsa ba ta zage shi ba, ba ta ɗaga masa murya ba. Ta kwashe kayanta ta koma wurin dangin mahaifiyarsu. In ya kira ta tana ɗauka, ta amsa gaisuwa, amma kalmar Yaya ba ta ƙara fitowa daga bakinta ba.

Bayan an share makoki, maƙwabta suka wayi gari suka gan shi a saman gidan shi kaɗai. Ya sake jera kwano a kan ɗakin tsohon, ya ɗora injin, ya bi leɓen farko har ƙarshe. Ya dawo da shi ya sake bi. Ya sake. Wuni guda gurnanin injin nan na tashi a kan ɗakin da babu kowa a ciki, har fentin ya kankare, har ƙarfen ya fara tsagewa. Sai da Dogo ya hau ya kashe injin, ya riƙo shi suka sauko. Yana saukowa yana cewa, “Yanzu ai ya ji, ko? Ya ji na bi?”

Har yau yana nan da rai. Ba ya iya zama a ƙarƙashin kwano. In hadari ya haɗo, za ka gan shi yana bin layi-layi, kansa a sama, yana ƙwanƙwasa ƙofofin mutanen da bai sani ba yana cewa a bar shi ya hau ya duba. Labarin nan ma shi yake ba duk wanda ya tsaya saurare, ba ya ɓoye komai. Ya faɗa wa mai shayi, ya faɗa wa direba, ya faɗa mini, ni da nake gaya muku. Mutum ɗaya ne yake so ya faɗa wa, shi kuma ba ya nan.

To, ya 'yan uwa, me ya halaka mutumin nan? Iska? Iskar da ta bi ta kan ɗakin ita ta bi ta kan falo, falo yana nan. Rashin iya aiki? Ya fi kowa iyawa. Rantsuwar ƙarya ce, wadda ya yi don ya gajarta magana. Malamai sun gaya mana tana cikin manyan zunubai, mu kuma mun mayar da ita abin cika baki. Wallahi a kasuwa, wallahi a waya, wallahi don yaro ya yi shiru. Sunan Allah ba abin sallamar mai tambaya ba ne.

Sannan jinkirin tuba. Ku lura, mutumin nan bai taɓa cewa ba zai gyara ba. Ko sau ɗaya bai faɗa ba. Kullum niyyarsa tana nan, kamar yadda injin yake a bayan motarsa. Gobe kawai yake cewa. Wa ya ba shi goben? Wa ya ba ka taka?

Ba na cewa ƙofar Allah ta rufe masa. Ba ta rufe ba, muddin yana numfashi, kuma muna roƙa masa gafara. Amma kunnen mahaifinsa ya rufe, wannan kuma babu injin da zai buɗe shi.

Kowannenmu yana da wani rufi da ya matse bakinsa kawai, inda ido ke gani. Daga ƙasa lafiya lau yake. Kai ka san inda ba ka bi ba, kuma akwai wanda ke kwance a ƙarƙashinsa saboda ya yarda da kai. Wataƙila mahaifiyarka ce, wataƙila matarka, wataƙila wanda ya ba ka amana bai nemi shaida ba. In mun tashi daga nan kada ka biya ko'ina. Je ka same shi ka ce ban bi ba. Za ka ji kunya, na sani. Kunyar nan ta fi sauƙi a kan abin da mutumin nan yake ɗauke da shi yana yawo.

Ya Allah, ka tsare harsunanmu daga kama sunanka a kan ƙarya. Ka ba mu ikon faɗin gaskiya tun masu jin ta suna raye. Ka ji ƙan iyayenmu da suka yarda da mu fiye da yadda muka cancanta. Kada ka bar mu da gobe a baki har mutuwa ta riske mu. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye waɗanda ke kwana a ƙarƙashin aikin hannunmu. Amin.